Zumuncinmu ya yi sanyi tun korona, yaya za a farfaɗo da shi ta WhatsApp?

Malama, kin ce tun kullen korona na 2020 taron danginku na wata-wata ya watse, zaurenku na WhatsApp kuma ba a tura komai sai gaisuwar Juma'a. Yana gyaruwa.

Ki fara da mutum goma zuwa sha biyar. Ku tsayar da lokaci ɗaya, misali Asabar bayan Isha'i, ku yi kiran murya na minti talatin. Kiran na ɗaukar har mutum 32, amma in an yi yawa ba mai jin wani. Murya ta fi bidiyo sauƙin data, kuma ba ta yawan katsewa in sabis ya yi rauni.

Tsofaffi aka fi mantawa, alhali su kaɗaici ya fi ci. Da yawansu ba sa rubutu. A ɗora wa jika ɗaya nauyin zuwa wurin Hajiya da waya, ya kunna mata saƙonnin murya, ya naɗi amsarta ya tura.

Gardamar siyasa da tura jita-jita na kashe zaure, haka ma saurin kawo maganar kuɗi. A bar batun gudummawa sai an yi wata biyu ana gaisawa, sannan a sa ranar ziyara ido da ido.

Wanda kuwa ya janye jiki, barci da abinci suka gagare shi sama da mako biyu, kira kaɗai bai isa ba. A raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. In yana cewa gara ya mutu, ranar za a kai shi, kada a bar shi shi kaɗai.