Injin yanka ko na lanƙwasa: wanne za a fara saya?

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa ƙofofi da akwatunan ƙarfe, kuɗinka kuma na inji ɗaya ne, kana tambayar wanne za ka fara saya. Ni dai a ganina, fara da na lanƙwasa.

Yanka kana iya lallaɓawa da almakashin benci ko giranda. Lanƙwasa da guduma kuwa ba ta ɓuya: gefen ƙofa zai fito da tabo-tabo, kusurwa ta ƙi miƙewa, mai saye yana shafawa da hannu ya gane. Injin lanƙwasa na hannu mai tsawon ƙafa 8 ya ishe ka aikin farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.5, kuma ba ruwansa da wutar Nepa, wanda a garuruwanmu ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ka sani ƙarfe yana ɗan komawa baya idan ka sake shi, don haka ka zarce digiri 90 kaɗan. Kada kuma ka cusa masa rodi, nan take bakinsa zai lotsa.

Idan Allah Ya hore ka zo sayen na yanka, ko a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, tafi da guntun farantinka a gwada a gabanka. Duba tazarar wuƙaƙen biyu, kusan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kaurin farantin ake so. In ta yi yawa, gefen zai fito da ƙaya mai yanka hannu. Tambayi irin wutar da yake ci ma, manyan na haidirolik (masu aiki da ƙarfin matsin mai) wuta mai layi uku, irin ta masana'antu, suke buƙata.