Rana ta farko a kotun majistare: me ake yi kafin a kira shaidu?

Tambaya: Ƙanena ya yi faɗa da abokin aikinsa, ya fasa masa baki har aka yi ɗinki. 'Yan sanda sun ce za su kai shi kotun majistare. Wasu na cewa ya amsa laifi kawai a wuce wurin. Me ake yi kafin a fara sauraron shaidu?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Zan yi bayani bisa dokar Najeriya, kuma zan fara da shawarar da ake ba ku, domin ita ta fi damuna.

Ranar farko ba a kiran shaidu, gurfanarwa ake yi. Za a karanta masa tuhuma, ko rahoton farko na 'yan sanda da ake kira FIR, a tambaye shi ko ya fahimta, sannan a ce: ka aikata ko ba ka aikata ba? Wannan gajeriyar tambaya ta fi komai nauyi a ranar. Idan ya ce ya aikata, alƙali na iya yanke masa hukunci nan take ba tare da jin shaida ko ɗaya ba, kuma sunan wanda kotu ta kama da laifi zai bi shi har wurin neman aiki. Mutane da dama kan amsa don gajiya da zaman ofishin 'yan sanda, alhali suna da abin faɗa, wataƙila ma su aka fara kai wa duka suka kare kansu. Don Allah kada ya amsa sai ya ga lauya. Idan babu hali, a nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

A saurari abin da aka rubuta da kyau. Doka ta bambanta yin barazanar duka, da jin rauni, da mummunan rauni irin karaya, zubar haƙori ko rasa ido, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Rahoton likita ne kan nuna inda maganar ta faɗa. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a sanar da shi tuhumar da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta, a ba shi isasshen lokacin shirya kariya, kuma shi marar laifi ne har sai an tabbatar. Idan bai gane ba ya buɗe baki ya faɗa, kada ya gyaɗa kai don kunya.

In ya musanta, sai maganar beli. A irin wannan ƙara yawanci ana bayarwa, sai dai in mai gabatar da ƙara ya gamsar da kotu cewa zai gudu ko zai tsoratar da shaidu, ko kuma wanda aka ji wa ciwon yana kwance rai a hannun Allah. Ku je da mai tsaya masa tun ranar, da katin shaidarsa, hotuna da adireshin da za a iya tabbatarwa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yarda mace ma ta tsaya. Wanda bai cika sharuɗɗa ba, a gidan gyaran hali zai jira ko da an ba da belin. Daga nan a ɗage zama, lauyansa ya nemi kwafin bayanan shaidu da na likita.

Sulhu kuwa yana yiwuwa a ƙananan raunuka, amma a yi shi da sanin kotu. Ko kun biya kuɗin magani an yafe, ƙarar tana nan har sai alƙali ya rufe ta, kuma rashin zuwa zama na iya sa a soke belin a ba da umarnin kamo shi. Kada ƙanenka ya tunkari mai ƙorafin da kansa, lauya ko wani babba ya shiga tsakani.