Tambaya da Amsa: Tsara Karatun Tarihi da Kimiyya a Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Ya'yana biyu ne, mai shekara bakwai da mai shekara goma, kuma ni nake koyar da su boko a gida idan sun dawo daga Islamiyya. Lissafi da Turanci ba sa ba ni wahala domin littattafansu a jere suke, amma tarihi da kimiyya yau mu taɓa nan, gobe mu taɓa can. Yaya zan tsara musu karatun shekaru masu zuwa? Daga wata uwa a Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Shawarata ita ce ki tsara zagaye na shekara uku wanda za ku riƙa maimaitawa, kowane zagaye ya fi na baya zurfi, kamar yadda almajiri yake komawa tilawa bayan sauka. Da haka yaran biyu za su zauna darasi ɗaya, ƙaramin ya saurara ya zana hoto, babban ya rubuta abin da ya fahimta.

A shekarar farko kada ki wuce ƙasar Kabi, domin wanda yake Argungu yana zaune ne a tsakiyar darasin. Ki fara da Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, da birninsa na Surame a ƙarni na 16, ki kai su gidan tarihin Kanta su ga kayan yaƙi da idonsu, sannan ki tsaya da su a bakin kogin Matan Fada ki gaya musu cewa bikin kamun kifi da ake yi yanzu ya samo asali ne a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Shekara ta biyu ta jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce da abin da ya biyo baya: hijira zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808, zaman Abdullahi, ƙanen Shehu, a Gwandu, zuwan Turawa Sakkwato a 1903, samun 'yanci a 1960, har ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. A nan ki yi adalci, domin yadda Bakabe yake ba da labarin waɗannan yaƙe-yaƙe ya bambanta da yadda mutumin Gwandu yake bayarwa, kuma babban yaronki ya isa ya ji duka biyun. Shekara ta uku sai ku leƙa waje, Mali da Songhai da Barno da Masar. Ki ja dogon layi a bangon ɗaki, duk shekarar da kuka karanta yara su rubuta ta a gurbinta.

Ita kuwa kimiyya, ki bar yanayin shekara ya ja ta. Da damina ku shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a ƙuryar ɗaki, ku kafa kwalba a tsakar gida kuna auna ruwan sama kuna rubutawa. Da hunturu ku koma kan iska da zafi da taurari, su koyi gane Kaza da 'Ya'yanta. Halittu masu rai a shekarar farko, ƙasa da ruwa da sararin sama a ta biyu, haske da lantarki da sinadarai a ta uku.

Sai dai akwai iyakar abin da gida zai iya. Ki nemi manhajar da hukumar NERDC, mai tsara manhajar makarantun ƙasar nan, take fitarwa, ki riƙa gwada tsarinki da ita ƙarshen kowace shekara, kuma ki tuntuɓi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma game da rajistar jarrabawa. Idan babban ya kai matakin babbar sakandare zai buƙaci ɗakin gwaje-gwaje da malamin da ya san tambayoyin WAEC da NECO, saboda haka tun yanzu ki fara tunanin makarantar da zai shiga nan da shekara biyar.