Littattafan da za ki karanta kafin a sa rana

'Yata,

Saƙonki ya iso, Allah ya sa alheri a cikin lamarin. Kin ce tun da maganar aurenki ta taso kanki ya ɗaure: dangin mahaifiyarki na Zariya suna faɗin abu ɗaya kan lefe da kamu, dangin mijin na Katsina suna faɗin wani, ke kuma da kika tashi a Legas kin rasa na kamawa. Shi ne kike so in zaɓa miki littattafai, na labari da na bayani, da za su nuna miki yadda Bahaushe yake aure. Littattafan suna nan. Sai dai ki riƙe wannan tun kafin ki buɗe shafin farko: kowane marubuci al'adar garinsu da ta zamaninsa ya rubuta. Duk wanda kika ɗauka, fara duba shekarar da aka buga shi da ƙasar da mai shi ya fito. In kin tsallake wannan, za ki je gidan surukai kina kafa hujja da abin da aka daina tun kafin a haifi mahaifiyarki.

Ki fara da Zaman Hausawa na Habibu Alhassan da abokan aikinsa biyu, wanda ya fito a 1982. Don 'yan makaranta aka yi shi, saboda haka Hausarsa ba za ta wahalar da ke ba. Abin da nake so ki fitar daga karatunsa shi ne jerin matakai, ki san me ke gaba da me: kuɗin na gani ina so, gaisuwar iyaye, sa rana, lefe, kamu da sa lalle, ɗaurin aure, kai amarya, sayen baki, buɗar kai, sannan gara daga gidan amarya. Irin wannan littafi yana faɗin abin da aka saba ne a dunƙule, ba zai gaya miki yadda gidan mijinki suke yi ba. Amma in jerin ya zauna miki, ko wace magana aka kawo kin san gurbinta.

Na biyu shi ne wanda na fi so ki daɗe a kansa, labarin Baba ta Karo. Tsohuwa ce da aka haifa wajen 1877. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗi, littafin ya fito da Turanci a 1954. Tun da Turancin ya zauna miki, ba ki da uzuri. Darajarsa ita ce mace ce take magana daga cikin gida, ta yi aure huɗu, ta ga na ƙawaye da na dangi ba iyaka. A nan za ki ga dalilin abubuwan da yanzu sai sunansu ya rage. Kamu, alal misali: a da amarya gudu take yi da ƙawayenta ta ɓuya, a bi ta a nemo, a sa mata lalle tana kuka, ta yi kwanaki a cikinsa ana yi mata gargaɗi. Wanda ake yi yau a zauren biki da mai kiɗa da mai ɗaukar hoto, inuwar wancan ce. Za ki ga auren zumunta da auren sadaka, da nauyin da ke kan babbar ƙawa, da kunyar ɗan fari, da yadda mai haihuwar fari take komawa gidan iyayenta wankan jego. Ki karanta shi sau biyu. Amma kada ki manta zamanin bayi da rinji, wato ƙauyen bayi, take ba da labari, kuma ƙauyukan Kano da Zazzau ne. Zai yi kusa da abin da dangin mahaifiyarki suke faɗi, ba lalle ya dace da na Katsinawa ba.

Daga nan sai ki raba al'ada da addini, don a nan rigimar biki ta fi tashi. Ki nemi Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, akwai ta da fassarar Hausa. Ki je babin aure. Za ki tarar abin da aure ba ya ƙulluwa sai da shi kaɗan ne: waliyyi, sadaki, da shaidu biyu adilai. Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Lefe ba ya ciki, kamu ba ya ciki, gara ba ta ciki. Wannan babi kada ki karanta shi ke kaɗai, ki kai wa malamar Islamiyya ta biya miki, don kalmomin fikihu suna da sharuɗɗan da fassara ba ta fitarwa duka. Ba na ce ki raina al'ada ba. In kin san wanne ne wajibi wanne ne kyautatawa, ranar da aka ce akwati shida sun yi kaɗan ba za ki ɗauka aurenki ne ya sami tangarɗa ba.

Sai littattafan labari. Su ba sa jera miki matakai, suna nuna miki mutane a cikin al'adar, wa yake magana, wa yake sunkuyar da kai, wa ake aikawa. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East yana cikin biyar ɗin da suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Gajere ne, zama biyu ya ishe ki. Labarin attajiri ne da ya sa dukiya ya raba saurayi da budurwarsa, da abin da ramuwa ta haifar. Uwar Gulma na Mohammed Sada wasan kwaikwayo ne, kusan dukansa zance ne, shi ya sa ya fi kowanne amfani ga mai son kunnenta ya saba da maganar cikin gida: yadda ake kai ƙara wurin iyaye, yadda ake biko bayan yaji, yadda ake tsayawa gaban alƙali. Ki karanta shi da murya, ki sa ƙanwarki ta ɗauki bakin wani.

Na mata kuwa, ki nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Kano ce ta kusa da zamaninku. Magidanci ya kori uwargidansa da 'ya'yanta saboda amarya, ita kuma ta tsaya da sana'a ta riƙe su har ta aurar da 'yarta. Ki lura da yadda nauyin aurar da 'ya yake sauka a kan uwa da 'yan'uwanta, ki lura da inda marubuciyar take jin zafin abin. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, na 1980, yana da daɗi ƙwarai, amma ki sani yarinyar Bafulatana ce, abin da ke ciki na pulaku ne, kada ki haɗa shi da na Haɓe.

Na san za a ce miki Magana Jari Ce. Ki karanta shi, duk uku ɗin, don babu inda za ki sami Hausa mai tsafta da karin magana a mazauninsa kamar wurin Abubakar Imam. Sai dai kada ki ɗauke shi hujjar al'ada. Da yawa daga labaran ya ɗauko su ne daga littattafan Larabawa da na Turawa ya sa musu rigar Hausa. Harshen namu ne, zaman fada da gaisuwar sarki namu ne, amma ba kowane aure da aka ɗaura a ciki ba ne irin na ƙasar nan.

Ga yadda za ki yi karatun ya amfane ki. Ki sayi littafin rubutu, ki ja layi ki raba kowane shafi gida huɗu: sunan al'adar, littafin da lambar shafi, gari da shekara, sannan abin da tsofaffi suka ce. Gida na huɗu shi ne mafi muhimmanci, kuma ba a littafi za ki cike shi ba. Duk mako ki kira goggonki ko kakarki ki karanta mata abu biyu ko uku, ki ce, haka kuke yi? Na Katsina kuma kada ki tambayi surukarki kai tsaye, bai dace ba. Ki bi ta wurin ƙanwar mijin ko matar yayansa. Shafi biyar a rana ya isa in Hausa ce, fiye da haka za ki riƙa tsallake kalmomin da ba ki sani ba. Ki ajiye Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, kusa da ke. In kalma ta tsufa har ba ta ciki, sai na Bargery na 1934, wanda yakan nuna miki ko ta Katsina ce ko ta Sakkwato.

Wajen saye ki yi hattara. Tsofaffin nan yawancinsu kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ne ya buga su, kuma ana samun su wurin masu littattafai a Sabon Garin Kano da na Zariya. Akwai bugun sata da yawa: takarda shara-shara, tawada ta dushe, wani lokaci an tsallake shafuka ko an maimaita. Wanda za ki aika ya tsaya ya bi lambobin shafi daga farko zuwa ƙarshe kafin ya biya. Waɗanda ake turawa ta waya kuma sau da yawa haruffa masu ƙugiya sun zube, ke da kike gyara bakinki za su koya miki furuci marar kyau.

Game da saɓanin da kika ambata, abin da aka saba shi ne, abin da za a yi a gidan amarya, kamar kamu da lalle, tsarin danginta ake bi. Abin da za a yi bayan an kai ta, kamar buɗar kai, na dangin ango ne. Lefe kuwa iyaye mata na ɓangarorin biyu ne suke daidaitawa ta bakin 'yan aike, amarya ba ta sa baki. In an matsa miki da tambaya, ki ce maganar tana wurin manya, ki sanar da mahaifiyarki a ranar.

Ki gaishe ta da kyau, ki ce mata ta turo mini jerin waɗanda za su karɓi lefen.

Baffanki