Ga ɗan'uwan da maigidansa ke kuka da birkinsa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da dare, ya ce shekararsa guda yana tuƙa wani bawan Allah, amma har yanzu in ya tashi mota sai ta fizga, in ya taka birki na baya su dungura gaba, har maigidan ya fara yi masa magana a gaban mutane, yana tambaya ko otomatik ce maganin abin. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na yi shiru, domin wannan matsalar ce ta taɓa raba ni da abincina.

Otomatik ba za ta raba ka da shi ba, ƙanena. Za ta ɗauke maka wahalar kuloci kawai. Ni a otomatik abin ya same ni.

Lokacin ina tuƙa wani Alhaji a Kano. Muka je Zariya ɗauko mahaifiyarsa, an yi mata aiki a ciki, ɗinkin ko warkewa bai yi ba. Tun daga fitowa nake jin tsohuwar nan tana nishi a baya duk inda na taɓa birki. Da muka kusa Kwanar Dangora wata tirela ta rage gudu a gabana. Na gan ta, amma a makare na gan ta, don idona yana kan ramin da ke gaban hancin motata. Na danna birki da ƙarfi. Hajiya ta yi wata ƙara da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Laifina ne, ban taɓa musu ba. Amma abin da mutumin nan ya yi mini, Allah ne kaɗai zai yi mana hisabi. Ya ce in faka. Ya zagayo ya karɓe makulli a hannuna a gaban 'ya'yansa, yaran da nake kai wa makaranta kullum, ya kira ni jaki, ya zagi iyayena da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ya ja motarsa ya bar ni a bakin titi, ko kuɗin mota babu a aljihuna, ga la'asar ta yi sanyi. Shekara uku ina yi masa bauta, ina kwana a mota in ya shiga taro, ban taɓa goga masa ko madubi ba. Albashina na wannan watan har yau bai ba ni ba. Na je ƙofar gidan sau biyu, maigadi ya ce an hana ni shiga. Wani direban Golf ne ya ɗauko ni kyauta zuwa Unguwa Uku ranar, Allah ya saka masa da alheri a duk inda yake. Wata huɗu na yi a zaune, matata da tsohon ciki.

Wanda ya gyara mini tuƙi wani dattijo ne a tasharmu, tun zamanin Fijo 504 yake kan hanya. Ya zauna a gefena muka zaga gari, bai ce uffan ba sai da muka dawo. Ya ce ɗana, ƙafarka lafiyarta ƙalau, idonka ne gajere. Ka duba nesa, ka ga abin da motar da ke gaban ta gabanka take yi. In ka hango danja ta yi ja, ko Adaidaita yana laluben fasinja a gefe, ɗage ƙafa daga totur tun daga nan, motar ta fara rage gudu da kanta. Birki mai ƙarfi kusan kullum alama ce ta cewa ka makara wajen gani. Ka lissafa da kanka: a gudun kilomita 100 a awa, mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin ta tsaya ninki huɗu take yi. Shi ya sa nake barin daƙiƙa uku tsakanina da na gaba, in ana ruwa ko hazo na ƙara. Wasu za su kutsa cikin gurbin, ƙyale su, ka sake ja baya.

Ya sa na riƙa ɗora kofi da ruwa kusan cike a tsakanin kujeru, ina zagaya unguwa da sassafe kafin titi ya cika. Satin farko kullum sai na jiƙa kujera. Ka gwada, abin kamar wasan yara amma shi ya koya wa ƙafata hankali. Birki kuwa, ka fara shafa shi a hankali, sannan ka ƙara nauyi, in motar ta kusa tsayawa cak ka ɗan sassauta ƙafar kaɗan. Wannan sassautawar ta ƙarshe ita ke hana kan motar ya duƙa ya dawo da baya, abin da ke sa fasinja gyaɗa kai ke nan. Diddigenka ya zauna a ƙasa, da tafin ƙafa za ka yi aiki, kada ka ɗago ƙafar gaba ɗaya ka sauke ta kamar mai kirɓa sakwara. Kuma don Allah ka daina tuƙi da silifas, yana zamewa, yana maƙalewa a ƙarƙashin birki.

Tunda ka ce taka mai giya ce, ka gyara kujera yadda in ka danne kuloci har ƙasa gwiwarka za ta kasance a ɗan lanƙwashe. Nemi fili, ka yi ta ɗago kuloci a hankali ba tare da ka ba ta wuta ba, har ka gane daidai wurin da yake kamawa, inda sautin inji ke sauyawa motar ta fara motsi. A nan za ka ɗan dakata, ba sakewa za ka yi gaba ɗaya ba. Amma in ta tafi, cire ƙafar daga kansa kwata-kwata, masu jingina ƙafa a kan kuloci su ne kullum a wajen bakanike.

Kwana ma haka. Ka gama rage gudu kafin ka shige ta, ba a tsakiyarta ba. Tudun rage gudu da rami, ka taka birki tun kafin ka iso, ka sake shi dab da taya za ta hau, in ba haka ba nauyin motar duk yana kan tayoyin gaba, dukan ya fi zafi.

Abin da ke ba ni tsoro yanzu shi ne sa mota a firi, wato a cire ta daga giya a bar ta tana tafiya da kanta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 yara da yawa sun koma wannan ɗabi'ar wai suna tattalin mai. Motocin yanzu in kana cikin giya ka ɗage ƙafa daga totur, da kansu suke yanke mai, to me ka samu a firin? Wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo daga Jos da lodi ya san abin da nake faɗa. Birki in ya yi zafi sosai daina kamawa yake yi. Ka sa ta a ƙaramar giya inji ya riƙe maka ita. Kuma in ranar tsautsayi ta zo dole sai birkin gaggawa, ka manta da kofin ruwa, ka danna iya ƙarfinka. In motar mai ABS ce, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an danna birki da ƙarfi, za ka ji birkin yana karkarwa a ƙafarka, aikinsa yake yi, kada ka saki.

Maganar maigidanka, ka same shi shi kaɗai, ba a mota ba, ka ce ranka ya daɗe na ji gyaran da kake yi mini, ka ba ni wata ɗaya. Kuma ka daina bari yana azalzalarka in ya makara, don rabin fizgar da nake yi a da saboda ana ce mini yi sauri daga baya ne. Albashinka kuma kada ka bari ya haura wata a hannun kowa, ko waye shi. In kana Kano ka yi mini magana ta gefe, ranar Lahadi da safe ba na fita aiki, sai mu zaga tare in ga ƙafarka.