Man na'a-na'a: a sha ne ko a shafa, kuma za a iya sa wa jariri?

Tambaya: Salam likita, dan Allah ina fama da kumburin ciki da murɗawa, an yi min hoto an ce ba komai. Wata ƙawata ta kawo min man na'a-na'a na ƙaramar kwalba ta ce in riƙa ɗigawa a ruwan zafi ina sha, kuma wai in shafa wa yarona ɗan wata huɗu a ƙirji saboda mura. Ba matsala?

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Bari in fara da yaron don shi ya fi damuna: kar ki shafa masa, ko a ƙirji ko a hanci ko a fuska. Abin da ke sa man nan sanyi sunansa mentol, yakan kai kusan rabin abin da ke cikin kwalbar, kuma a jariri yana iya sa maƙogwaro ya shaƙe numfashi ya tsaya, shi ya sa ake hana shi kwata-kwata ga yaro ƙasa da shekara 2. Ga kuma wata matsalar da ta shafe mu sosai a nan, yara maza da yawa ana haifarsu da ƙarancin G6PD (wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini) ba tare da iyaye sun sani ba, irin waɗannan mentol da kafur na iya fasa musu ƙwayoyin jini sai ki ga shawara ta taso, ido ya yi ɗorawa. Haka ma man zafi da hodar mentol da kakanni ke son sa wa a cibiya, a yi haƙuri a bari. Murar jariri ɗigon ruwan gishiri na hanci da ake sayarwa a kemis da yawan ba shi nono sun wadatar, in kuma kin ga yana numfashi da sauri ko haƙarƙari na lotsawa to asibiti kawai.

Sai naki cikin. Gaskiya ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, man na'a-na'a yana saki jijiyoyin hanji, kuma yana taimaka wa masu irin wannan ciwon da hoto ba ya nuna komai amma kullum ciki a kumbure, yau gudawa gobe bayan gida ya ƙi fita. Amma fa ba na kwalba ake sha ba, akwai kafso na musamman mai 0.2 ml wanda aka yi wa rufin da ba ya narkewa sai ya wuce tumbi ya isa hanji, ana haɗiye shi da ruwa kamar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin cin abinci, ba a taunawa ba a fasawa. In kika ɗiga na kwalba kika sha to a saman ciki zai yi aikinsa, ya saki bakin tumbi, ƙwannafi ya taso miki har wuya. Kuma kar ki haɗa kafson da maganin ƙwannafi irin farin ruwan nan na masu olsa, ki ba da tazarar awa 2 don yana narkar da rufin da wuri.

Tunda kina shayarwa ki fara ganin likitanki tukunna, haka mai ciki da mai tsakuwar matsarmama ko ciwon hanta. In akwai jini a bayan gida ko rama ba dalili, wannan ba maganar na'a-na'a ba ce.

Na kwalbar ki ajiye shi don ciwon kai na gajiya, ɗigo 1 ko 2 a cikin ƙaramin cokali na man kwakwa ko zaitun, ki shafa a goshi da gefen kai nesa da ido, sannan ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauki yaron, kwalbar kuma a can saman durowa inda yara ba sa kaiwa.