Kafin ka tura bidiyon nan gaba

Salama a gare ka, ɗana. Na karanta tambayarka, na ga amsoshin da aka ba ka gajeru ne, shi ya sa na zauna in rubuta maka tawa da ɗan tsawo. Ka ce kusan kullum sai an turo maka bidiyon gawarwaki ko hoton majami'a tana cin wuta, a ƙasa an rubuta wai duk Kirista na gaske ya tura wa mutum goma. In ka tura, zuciyarka ba ta kwanciya. In ka ƙi, sai ka ji kamar ka juya wa 'yan'uwanka baya, har kawunka ya ce maka ba ka da kishin bangaskiya. Kana so ka san abin da ya dace mai bi ya yi.

Ni dattijo ne a ikkilisiyarmu a nan Filato. Na daɗe ina riƙe da littafin sakatare, kuma tun da aka buɗe mana zauren WhatsApp aka ɗora mini kula da shi. Abin da kake faɗa, da shi nake kwana da shi nake tashi.

Da farko, kada ka raina kawunka. Zafin da ke ransa yana da tushe. A Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN, wato Ekklisiyar 'Yan'uwa a Najeriya, har yau akwai waɗanda ba su dawo ba. A Fabrairun 2018 aka ɗauki Leah Sharibu a Dapchi, bayan wata guda aka sako abokan karatunta, ita aka riƙe ta don ta ƙi barin bangaskiyarta. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na Michika. A jajibirin Kirsimetin 2023 aka afka wa ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, mutum fiye da 100 suka mutu, ga kuma harin Yelwata ta jihar Binuwai a Yunin 2025. Ni kaina na tsaya a bakin kabarin da aka haƙa da faɗi aka jera mutane a ciki, na ji muryar 'yan Zumuntar Mata tana karyewa a tsakiyar waƙa. Wanda ya ga haka, ya jira ya ji an hukunta wani bai ji ba, dole ya ɗauka wayarsa ce kaɗai bakin da ya rage masa.

Duk da haka shawarata ita ce kada ka tura abin da ba ka tabbatar ba, ko da fasto ne ya turo maka.

A ranar 23 ga Yunin 2018 aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, wajen Gashish. Harin gaskiya ne, an yi asarar rayuka da yawa. Sai hotuna suka cika Facebook, daga baya kuma binciken BBC ya nuna wasu daga cikin waɗanda suka fi tayar da hankali ba na harin ba ne. Wani bidiyo da aka yi ta yaɗawa ma daga Kongo Barazabil ya fito, tun 2012. Washegari matasa suka tare hanya suna fito da matafiya daga mota, aka kashe mutum 11 da ba su ji ba ba su gani ba. 'Yan sandan jihar da kansu suka ce hotunan ƙarya sun taimaka wajen ruruta wutar. Ina nan lokacin, na tuna dokar hana fita da aka sa a Riyom da Barikin Ladi da Jos ta Kudu, na kuma tuna irin abubuwan da suka riƙa shigowa wayata. Na san wasu da suka tura su. Mutanen kirki ne, masu zuwa addu'ar safe, ba su taɓa ɗaga adda a kan kowa ba. A ganinsu faɗakar da 'yan'uwa suke yi. Amma yaron da ya tare hanya, abin da ya gani a waya ne ya tafasa masa jini, kuma wani ne ya tura masa.

Tun a makarantar Lahadi muke koya wa yara cewa cikin Dokoki Goma akwai hanin shaidar zur a kan maƙwabci. Fitowa 23 ta ƙara da cewa kada a baza labarin ƙarya, kada kuma a bi taro zuwa aikata mugunta. Mai bazawa yana cikin hanin nan tare da mai ƙirƙira. Lokacin da ka tura, wanda ya karɓa bai san wa ya haɗa bidiyon ba, sunanka yake gani a sama. Ya yarda ne domin ya san ka ba ka ƙarya. Ka tsaya ke nan ka ba da shaida a kan abin da ba ka gani ba.

Akwai wani labari a Joshuwa sura 22 da ba kasafai ake wa'azi a kansa ba, ni kuwa na sha karanta wa matasanmu shi. Bayan an gama yaƙi, kabilar Ra'ubainu da ta Gad da rabin ta Manassa suka koma gida ƙetaren Urdun, a bakin kogin suka gina wani babban bagade. Labari ya isa wa sauran Isra'ilawa cewa 'yan'uwansu sun tayar wa Ubangiji. Nan da nan jama'a suka taru a Shilo za su tafi yaƙi. Ka lura, bagaden yana nan da gaske, kowa zai iya ganinsa, kuma kishin Allah ne ya motsa masu fushin. Abin da ya hana zubar jini shi ne sun fara aika Finehas ɗan Ele'azara firist da shugabanni goma su je su tambaya. Da suka je sai suka tarar ba don hadaya aka gina shi ba, an gina shi ne ya zama shaida ga jikoki cewa mutanen ƙetare su ma na Ubangiji ne. Finehas ya koma ya faɗa, jama'a suka yabi Allah, maganar yaƙi ta mutu. Abin da aka gani daidai ne, fassarar da aka yi masa ce ta kusa hallaka kabilu. Yawancin bidiyon da ake turo mana haka suke. Gawar gaskiya ce, kukan gaskiya ne, amma rubutun da aka manna a ƙasa, mai faɗin wane gari ne da wace rana da su wa suka yi, shi ne ba wanda ya bincika.

Wani nau'in kuma ko an tabbatar ba na barinsa a zaurenmu, wato bidiyon da makasan da kansu suka ɗauka. Ba don tarihi suke ɗauka ba. Suna so ya shiga kowace waya ya cika mutane da tsoro, ya hana manomi zuwa gona, ya hana uwa kai ɗanta makaranta. Mai turawa ya yi musu dako kyauta. Ga kuma iyalin mamacin. Na san wata mata da ta fara sanin mutuwar mijinta ta hoton gawarsa a wayar maƙwabciya, tun kafin dattawa su iso gidan. A al'adarmu ba haka ake faɗin mutuwa ba.

Ga yadda muke yi a wurinmu. Duk wanda ya kawo labarin hari, sai ya faɗi sunan ƙauyen da ranar da kuma wanda ya gaya masa. In ƙauyen na kusa ne, abu ne mai sauƙi, domin da wuya ka sami ƙauye a yankinmu da babu majami'ar COCIN ko ECWA ko Katolika, kuma faston wurin ko katikis yana da waya. A kira shi. In nesa ne, a duba ko BBC Hausa ko DW ko wata jarida mai suna ta ɗauka, a duba Dubawa ko Africa Check, aikinsu ke nan tantance irin waɗannan. Matasanmu sun koya mini sa hoto a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, sau da yawa sai ka ga hoton ya shekara biyar yana yawo. Ka riƙa sauraron harshen da ake yi a bidiyon, ka dubi lambar mota da kakin jami'an tsaro, ka dubi ko ciyawa kore ce alhali muna tsakiyar rani. Saƙon da WhatsApp ya sa wa alamar kibiya biyu ya bi hannaye da yawa, asalinsa ya ɓace. Wanda kuma ya ƙare da barazana, wai in ba ka tura ba ka yi musun Yesu, wannan shi ne na fi zargi, domin mai gaskiya ba ya bukatar tsorata ka kafin ka yarda. Iyayenmu sun ce gani ya kori ji, amma yanzu da ƙirƙirarriyar basira ana haɗa fuskar mutum da muryarsa yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.

Akwai maganar da wasu cikinmu ba za su so ba, amma zan faɗa. Wayoyinmu suna nuna mana gawarwakin namu kaɗai, wayoyin maƙwabtanmu Musulmi kuma suna nuna musu nasu kaɗai, kowa ya kwana yana ganin shi kaɗai ake kashewa. A Nuwamban 2014 bama-bamai suka tashi a babban masallacin Kano ana sallar Juma'a. A Agustan 2021 aka tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba, nan cikin Jos, aka kashe fiye da 20. A Disamban 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri. A Nuwamban 2025, cikin mako guda, aka kwashe 'yan mata 25 a makarantar Maga ta jihar Kebbi, aka kuma kwashe ɗaruruwan yara a makarantar Katolika ta Papiri a jihar Neja. Ban faɗi wannan don in rage nauyin abin da ake yi wa Kirista saboda sunan Almasihu ba, ana yi, kuma dole a kira shi da sunansa. Na faɗa ne domin jinin kowane mutum na Allah ne, cikin siffarsa aka yi shi. A wannan harin na Barikin Ladi na 2018, Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Saƙon da ke cewa "su duka ɗaya ne" yana yi wa wannan dattijo ƙarya.

Yanzu ma da ƙasashen waje suka sa mana ido, tun da Amurka ta mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da take damuwa da 'yancin addini a cikinsu a ƙarshen Oktoban 2025, sai bukatar gaskiya ta ƙaru. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In aka kama hoto ɗaya na bogi a hannunmu, da shi za a share shaidar gwauraye ɗari.

Ka tambaya ko ƙin turawa shiru ne. Dubi Nehemiya. Da Hanani ya kawo masa labarin Urushalima, ya yi masa tambayoyi, ya zauna ya yi kuka, ya yi azumi da addu'a. Sai bayan watanni ya yi wa sarki magana, ya roƙi abin da yake bukata dalla-dalla. Da ya isa kuma, ya zagaya garun da dare ya gani da idonsa kafin ya gaya wa kowa. Ba wanda zai ce Nehemiya ya yi shiru. A ikkilisiyarmu, in hari ya tabbata, mukan rubuta sunayen waɗanda suka mutu da gidajen da aka ƙone, mu miƙa wa shugabannin gundumar ikkilisiya da CAN, su kai inda ya kamata. Mukan yi baiko na musamman, mata su haɗa masara da tufafi da sabulu, matasa su kai wa waɗanda ke kwana a azuzuwan firamare. Wasu iyalai sun ɗauki marayu suna biya musu kuɗin makaranta. Kai da ka iya waya da rubutu, irin wannan lissafi mai suna da rana da wuri shi ne inda ake bukatarka.

Ka kuma kiyaye kanka. Zauren WhatsApp ba ɗakinka ba ne. Deborah Samuel saƙon murya ta yi a zauren 'yan ajinsu a Sakkwato, aka zarge ta da ɓatanci ga addini, aka kashe ta a Mayun 2022. Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a Warji ta jihar Bauchi, bidiyon da ke la'antar kisan ta tura wa abokan aiki, ta yi fiye da shekara ɗaya da rabi a tsare, sai a Disamban 2024 kotu ta wanke ta. Zalunci aka yi musu su biyun, ba ni da shakka a kai. Amma ina so ka san cewa abin da ka sa a zaure yana iya kaiwa inda ba ka nufa ba.

Game da kawunka, kada ka ba shi amsa a zauren dangi gaban yara, zai ji ka kunyata shi. Ka je gida ka gaishe shi, ka bar shi ya faɗi abin da ke ransa, mai yiwuwa akwai wanda ya rasa da bai taɓa ba ka labarinsa ba. Sannan ka ce, "Kawu, wannan bidiyon wane ƙauye ne? Ina so in san wa za mu taimaka." In ya san ƙauyen, ku nemi lambar faston wurin ku kira tare. In bai sani ba, ka roƙe shi ku dakata da turawa har ku sani.